Karatun Leɓe

Shekara ashirin da uku ina gaban inji a Tudun Hatsi,
na niƙa gero, na ɓarza masara,
ashe injin kunnena yake niƙawa a hankali,
bai rage min ko tsaki ba.
Ran da na tabbata, ladanmu na Jekadafari ne ya buɗe baki,
na ga jijiyar wuyansa ta miƙe,
ban ji komai ba sai zuuu,
kamar zuma ta yi gida a tulu.

Malam Yila, mutumin Kaltungo,
shi ke tara mu ran Asabar a wani zaure a Herwagana.
Mu bakwai ne: ni, da tela, da tsohon direban tirela,
da yara huɗu da sanƙarau ya toshe wa duniya.
Ya raba mana guntayen madubi,
ya rubuta a allo:
ido ma kunne ne, in ya samu horo.

Ya ce bari. Ya ce mari. Ya ce ɓari.
Leɓe ya haɗu ya rabu har sau uku,
ni abu guda na gani.
Na jefar da madubin a tabarma.
Ya ɗauka, ya goge da hannun riga, ya miƙo min,
ya sake rubutu:
kada ka farauci kalma, bi sawun zance.
Mace in ta zo da ƙwarya ta ce maka gari,
ai ba Kumo take tambaya ba.

Wasu haruffan kuma ba sa leƙowa ko kusa,
suna can bayan haƙori
kamar ɓera a ƙasan rumbu.
Sai dai ka gane su da ɓarnar da suka bari.

Abin da ya fi min wuya ba wannan ba ne.
Da sunkuyar da kai aka raine ni.
Kakana yakan ce ɗan da ke kallon bakin manya
bai sha nonon kirki ba.
Yau ga ni da furfura ina ƙura wa surukina ido,
ina tsintar gaisuwa a cikin gemunsa.

Na san maƙiyana yanzu:
gashin baki, da goro a kumatu,
da mai magana rana na bayansa,
da mai ƙaunata da ke yi min ihu
har bakinsa ya karkace, kalmar ta zube.
In aka ɗauke wuta da daddare kuwa,
na kurumce sau biyu ke nan.

Dudu fa,
shekara talatin tana yi min magana tana fuskantar murhu.
Sunana bai taɓa bi ta bakinta ba,
sai mai gida, sai kai, sai gyaran murya.
Da kunne ya tafi, sai gidan ya zama na mutum biyu
da ke miƙa wa juna kwano.

Jiya bayan lisha ta kifa turmi,
ta ɗora fitilar caji a kai,
ta durƙusa inda hasken zai same ta,
ta ɗago fuska.
Ban san tana da ɗan tabo a ƙasan leɓe ba.
A hankali ta ce: tuwo ya huce.
Na karanta tsaf, kamar Fatiha.

Sai ta ƙara wata kalma.
Leɓe ya haɗu, ya rabu, ya haɗu, ya rabu.
Ko Baba ce, ko Mama,
ko Bappa, sunan da aka raɗa min,
madubi bai taɓa raba min su ba.

Na bi sawun zance yadda Malam ya ce.
Na duba tsakar gida:
ga akuya, ga randa, ga igiyar shanya.
Ban da ni babu kowa.

Ta ja bakin mayafi ta rufe bakinta,
kafaɗunta na rawa.
Wannan kam ko Malam Yila bai koya min ba.