Rabin Burodi a Hull

Firijina cike yake.
Kaji biyu na kwance cikin ƙanƙara suna jiran wata mai zuwa,
buhun shinkafa a ƙarƙashin gado,
ga daddawar da Rahila ta aiko daga Kagoro
cikin leda uku, kada maƙwabta su yi ƙorafi.
Duk da haka in na taso daga aikin dare
sai in tsaya a hasken firijin nan
kamar wadda ta yar da allura,
in rufe, in sāke buɗewa.
Ba cikina ke kuka ba.

Ban san ranar da addu'ata ta koma lissafin cefane ba:
Ya Uba, takardar zama.
Ya Uba, ƙarin awoyi.
Ya Uba, kuɗin haya, da na makarantar Habila, da rufin ɗakin Mama.
Yana bayarwa, ina ƙirgawa,
ina tara na gobe da na jibi
har ya fara tsutsa a hannuna
kamar na mutanen jeji da suka ƙi yarda safiya za ta sāke zuwa.

A ɗaki na goma sha huɗu akwai Mista Arnold.
Shekara tamanin da tara.
Masunci ne a dā, teku ta cinye masa yatsu biyu.
Ya manta sunan 'yarsa,
ni kuwa yana kirana da sunan ƙanwarsa da ta daɗe a ƙasa,
ina amsawa.

Jiya da asuba na kai masa shayi da burodi yanka ɗaya.
Ya haɗa hannuwan nan masu rawa,
ya sunkuyar da kai.
Duk kalmomin sun gudu sun bar shi, saura biyu:
na gode, Yesu.
Ya daɗe a haka har shayin ya huce.
Sannan ya raba burodin, bai raba daidai ba,
ya turo mini babban.

Doka ta hana mu cin abincin waɗanda muke jinya.
Na ci.

A tsaye na ci, da safar roba a hannu ɗaya,
ruwan sama na bugun taga,
wani abu da ya shekara huɗu yana haushi a ƙirjina
ya kwanta, ya ɗora kai bisa ƙafafunsa.

Kakata takan ce bakin da Allah ya tsaga
ba ya hana shi abinci.
Na ɗauka zancen tuwo take.

A bas ɗin komawa gida ban duba asusuna a waya ba.
Tsuntsayen bakin ruwa na ta faɗa a kan guntun dankali,
wata yarinya na barci a kafaɗar uwarta.
Takardar ba ta fito ba tukuna.
Rufin Mama na yoyo har yanzu.

Na shiga, na wuce firijin,
na zauna bakin gado da rigar sanyina a jiki,
na buɗe tafin hannu.
Akwai ɗan ɓarɓashi maƙale a tsakanin yatsu.
Na yau ne.
Ya isa.