Sarƙar Lilo

Ƙanƙarar Maris ta karya reshe,
ya kwanta kan rufin gareji kamar baƙon da ya gaji.
Na kira mutum uku a Duluth.
Na farko ya ce a sare, ko daga mota bai sauko ba.
Na biyu ya ce dala dubu biyu, har da kututture.

Ta uku, Solveig Maki, ƙaramar guduma ta riƙo.
Ta zaga tsohuwar tuffar sau biyu,
ta ƙwanƙwasa, ta kara kunne
kamar mai jiran a amsa sallama.
"Cikinta lafiya lau. Aski take so."

Ta ɗaura igiya ta hau.
Zarto ya yi ta kuka har rana ta take.
Can sama ta kira ni:
sarƙar lilon da na rataya wa Ingrid
shekara talatin ke nan,
ɓawo ya haɗiye ta, saura zobe uku a waje.

"In cire?"
Na ce a bari.

Ta bar min rasit da gargaɗi:
in Yuli ya yi zafi, in shayar da gindin.

Da dare na kira Ingrid. Ba ta ɗauka ba.
Na bar saƙo,
zancen bishiya kawai.