Tubalin da Ba a Gani

Ni magini ne, ɗan magini.
Rabin katangun Bagalam ni na ɗora,
in ka ga wadda ta karkace, ba tawa ba ce.

Ran Talata zazzaɓi ya kwantar da Tsahara,
sai ni na saɓa Illo zuwa awo.
Layin mata har bakin bedi,
ni kaɗai mai gemu,
da ƙurar siminti a gashin ido.
Aka rataye yaro a sikeli kamar buhun aya,
allura ta yi rawa, ta yi rawa, ta tsaya.
Malama Barira ta dubi kati, ta dube ni:
“Me kuke ba shi mai gina jiki?”

Na sunkuyar da kai.
Gini sana'ata ne, amma wannan ginin
na ɗauka sai mai kuɗi.
Na ce, “Malama, nama ya yi fiffike.
Rabonmu da shi tun sunan ɗan maƙwabci.
Mahauci in ya hango ni
ko wuƙa ba ya ɗagawa.”

Ta yi dariya har biro ya faɗi.
“Wa ya tambaye ka nama?
Ɗanka ya cika mudu, har da gyara.
Faɗa mini abin da ke cikin tukunyarku.”

Na shiga lissafi kamar mai amsa laifi.
Ƙosai da safe, na dala goma.
Ɗan wake in rana ta take.
Zogalen Jiratawa,
da ƙuli-ƙulin da uwarsa ke dakawa a kai.
Daddawa, wadda warinta ke riga miya zuwa zaure.
Nono, in Bafillatana ta biyo ta lungunmu.
Awara, in na samu aikin yini.
Duk wanda na ambata, murya na ƙasa,
ita kuwa sai ta ce, “Shi ne.”
Na ce har wake?
Waken da ake wa dariya a majalisa,
mai sa mutum ya nemi bayan iska?
Ta ce, “Shi ne babbansu.”

A hanyar gida na yi ta jin kunyar kaina.
Ni da na san ba fenti ke riƙe ɗaki ba.
Ramno ne a cikin laka,
ciyawar da aka tattake da ƙafa,
ba mai ganinta, ba mai gaishe ta,
amma damina goma ta wuce, soro na tsaye.
Ashe haka Tsahara ke kwaɓa yaron nan
kullum, da turmi da ludayi,
ina can ina ɗora wa wasu bulo.

Bakin Babbar Kasuwa na tsaya gun Haɓsu,
tirenta cike da fara, ja wur da yaji.
Shekarar da nake ɗan bakwai
kakannin waɗannan suka sauka gonarmu a Tibiri,
kafin la'asar gero ya koma kara,
babana ya zauna a kunya bai ce uffan ba.
Malama ta ce su ma suna gini,
a cire ƙafa, a daka wa yaro a kunu.
Na ce Haɓsu, auna mini na dala ashirin,
tsohon bashi ne zan karɓa.

Ba zan yi ƙarya ba:
da na gifta ta wajen mai tsire
hancina ya juya, ƙafata ta yi nauyi.
Illo ya ja mini gemu, muka wuce.

Na iske Tsahara ta tashi, tana tsince wake.
Na kwashe labari duka na ba ta,
har da faɗuwar biro.
Ba ta ɗago ba.
Ta hure ƙaiƙayi daga faifai, ta ce,
“Kai ne yau ka sani.
Miƙo mini kanwa.”