Gonar da Teku Ya Bari

Jirgin ruwa ubana ya bar mini gado.
Ga shi can kife a kan yashi, tsatsa na cin haƙarƙarinsa,
awaki na shan inuwa a inda kifi ya taɓa kwana.
Tekun Aral ya tafi ba sallama,
ya bar mana gishiri, bashin da ba mu muka ci ba.

Da asuba gonata fara fat.
Baƙo zai rantse ƙanƙara ce ta sauka,
sai ya lasa.

Bara waccan mota ta zo daga Nukus,
ta sauke yarinya mai takalmin roba, Ulbosin,
da wani tsinken ƙarfe da take soka wa ƙasa
kamar mai auna zazzaɓi.
Ta duba lamba, ta cije leɓe.
"Baba Tajibay, gwamnati ta ce a yi wa ƙasar nan wanka."
Na ce, da wane ruwan, 'yata?
Kogin Amu kafin ya iso mu
ya shayar da auduga dubu, ya zo yana ɗingishi.

Duk da haka na sa hannu.
Buhu shida na irin dawa takarda ta ce,
huɗu suka iso, ban tambayi sauran ba.
Muka haƙa magudana har kafaɗa ta daina jin magana.
Layin ruwa ya zo kaina ƙarfe biyun dare,
ni da fitila da sanyi mai tsaga ƙashi,
ina kora gishiri kamar mai korar ɓarawo
wanda ya san duk ƙofofin gidan.

Dawa ta tsiro, ta kai gwiwa, ta ƙone daga baki.
Kusurwa ɗaya ta tsira,
nan manya suka tsaya aka ɗauki hoto.

Aytmurat maƙwabcina ya kulle ƙofa, ya bi 'ya'yansa arewa.
Ni na zauna, ba don jarumta ba:
ban san inda zan kai kabarin uwata ba.

Da bazara sai ga Ulbosin a motar haya,
kuɗin aljihunta, ba na ofis ba,
da wani irin a ƙulle cikin ɗankwali.
Ba ta yi alkawari ba. Shi ya sa na yarda.

Bana buhu bakwai na ɗaure.
Na ji a rahoto sun zama ashirin,
to, Allah ya ƙara wa takarda albarka.
Biybisara ta dama kunu da sabon hatsi,
ta ce, "Ban sa gishiri ba, ya zo da abinsa."
Muka yi dariya har tari ya kama mu.

Jiya fartanya ta tono ƙoƙon kifin wuri.
Jikana ya ce, "Kaka, mene ne wannan?"
Na goge shi a riga, na sa masa a tafin hannu,
na ce riƙe, mai gonar ne na farko.
Sai muka koma kan kunya, rana na yi.