Tebur Mai Kujera Shida

Zamanin da nake gidan waya,
albashi ba ya kwana a aljihu.
Mu shida ne a teburin Madam Akosiwa,
can Tudun Jamus, gindin bedi,
kwalabe na gumi, mu ma muna yi.
In shugaba ya zuba,
wa ya isa ya kife kofi?
A teburin nan aka raba girma,
a nan aka jefa Ciroma Bilma
don ya ce cikinsa na ciwo.

Jiya Mutari, ɗan ƙanwata,
ya sami aiki a matatar mai.
Na ce, taho in wanke maka shi
yadda aka wanke mini nawa.
Ya biyo ni, bai yi gardama ba.

Madam ta tsufa.
Ita da firjinta tari suke tare.
Kujera huɗu ta jingine da bango,
kaza ta yi ƙwai a akwatin kwalabe.

Na ce biyu, masu sanyi.
Ya ce, Kawu, ni zoɓo.

Na gyara zama, na jira wa'azi,
na ma tanadi amsa tun daga Birni,
aya da aya, na san inda zan kauce.
Bai ja ko ɗaya ba.
Ya ce asuba yana da gudu
har Ƙofar Tinkim ya dawo,
kuma jaka ɗaya
ta isa ƴan fadarsu shayi kwana uku.

Na ce, to shugabanka fa?
Ta ina zai san kai nasa ne?
Ya yi dariya, ya juyo mini waya:
ga shugaban, ya aiko babban yatsa.

Shi ke nan fa.
Abin da ya ci mini hanta da rabin fili,
yaro ya biya da yatsa guda.

Tara na yi ya miƙe,
ana jiransa, an kusa sauke na biyu.
Ya biya nasa, ya biya nawa,
ya tayar da babur.

Madam ta zo ta zauna inda ya tashi.
Lawandi ya rasu, in ji ta, ka ji?
Na ji.
Gonimi kuwa tun da ya dawo Makka
ta bayan layi yake bi.

Ba haushin yaron nake ji ba, wallahi.
So nake in san
me suke faɗa wa juna ido biyu,
mu da sai kwalba ta uku
muke iya ce wa mutum, ina sonka da alheri.

Tawa ta huce a hannuna.
Na tambayi Madam ko zoɓon ya saura.