Mai Ɗinkin Bamba a Farin Gada

Da sanyin asubar Jos nake buɗe rumfa,
yatsu a ƙage, baki na hayaƙi kamar murhu.
In hura garwashi, in cusa bakin ƙarfe ya yi ja,
kafin Tanimu ya iso da shayi
an riga an jingine mini tsagaggiyar bamba.

Shekara talatin da biyu ke nan.
A kan Fijo na koyi aiki, zamanin ƙarfe,
bamba mai ƙyalli kamar haƙorin Makka,
in ta daki katanga, katangar ke neman magani.
Guduma uku, wuta kaɗan, ta miƙe sak,
mai mota ya kama hanya, ni in ƙirga riba.

Da roba ta zo na raina ta.
Na ce bahon wanki ne aka shafa wa fenti.
Oga Davou, da ya koya mini riƙon guduma,
ya tofar da tsinken baki, ya ce:
"Ƙarfen da ya ƙi lanƙwasa, wa ya sha dukan?
Ƙirjin direba ya sha, da goshin na gefensa.
Wannan fashewa take don kada kai ka fashe."
Tun ranar ban ƙara zaginta ba.

Ga shagon Ikenna can, an jera su har rufi,
ta Kamri, ta Golf, ta Siyena mai faɗin baki,
'yan Beljiyam, sun keto teku cikin kwantena,
sun kwana Legas, sun hawo dutse a tirela.
Wata har yau da takardar wani gari a jikinta
da ba wanda ya iya karanta sunansa.
Akwai sababbi fil, sirara kamar ɓawon ƙwai,
akwai wadda aka ɗinke jiya, aka fesa da dare,
da safe a rantse maka yanzu ta sauka.
Juya cikinta, ɗan'uwa, shafa da yatsa,
a bayan fenti ake kwantar da zamba.

Ran Talata Malama Kangyang ta shigo da Korola,
hannunta na rawa, makulli na ƙara.
Gefen dama ya lotsa, daidai gwiwar yaro,
jan ruwa ya bushe a kan lamba.

Na dube ta. Ta ce tumatir ne.
Wata yarinya ce a Gada Biyu, da tire a ka,
ta ƙetare ba ta waiwaya ba.
Birki ya yi kuka, roba ta shige ciki,
yarinyar ta tashi tana karkaɗe zane,
tumatirinta take yi wa kuka, ba ƙafarta ba.

Na ce zan ɗinke, dubu shida.
Ta ce a'a, a ɗaura wata,
amma wannan a sa mata a but, za ta gida da ita.
Tanimu ya yi dariya. Ni ban yi ba.

Yayana Baffajo na tuna.
Shi ya tare bulalar da aka ɗago don mu,
shi ya bar aji huɗu ya shiga haƙar kuza
don mu ci tuwo, mu sa takalmi.
Duk karon da gidanmu ya yi, shi ne a gaba.
Da ya tsufa, tari ya cinye ƙirjinsa,
muka yi ta yabon injin da ya kawo mu,
ba wanda ya sunkuya ya duba.

Ƙarfe ya yi ja. Miƙo waya, Tanimu.
Ga ta ɗan tasi tana jira tun jiya,
tsaga uku, kunne ɗaya ya ɓalle.
Zan narka, in ɗinka, in goge, in shafa,
warin roba ya bi ni har kan tabarma.
Gobe za ta koma Taminus, cikin keke da bas,
ta sake miƙa fuskarta gaba.