Baƙuwar Bayan Madafi

A gwangwanin madara ta iso daga Jos,
sanda ɗaya, ganye huɗu.
Sagir ya ce sunanta haidaranjiya.
Na maimaita sau uku, harshe ya ƙi,
sai na raɗa mata Tabawa.

Ranar farko na ajiye ta a tsakar gida
yadda ake wa barkono.
Kafin la'asar ta sunkuyar da kai,
ganyen nan masu yatsu
sun yi yaushi kamar tsumman goge tukunya.
Na ce, to, ashe ba jinin nan ba ce.

Na haƙa mata rami a bayan madafi,
inda inuwar darbejiya ke sauka tun hantsi.
Rana ta gaishe ta da safe, ta wuce abinta.
Jigawa kwano biyu, takin awakin bara kwano ɗaya,
ɓawon gyaɗa na rufe gindi
don ƙasa ta riƙe sanyinta.

A Ƙofar Marusa, cikin bazara,
jarkar ruwa ba abin wasa ba ce.
Haladu ɗan garuwa ya ƙara kuɗi sau biyu.
Ruwan wanke shinkafa nata ne,
da ragowar butar asuba,
a gindi nake zubawa, ba a ka ba,
a hankali, kamar mai bai wa majinyaci koko.

Lantana ta leƙo ta katanga:
"Da zogale kika dasa, da yanzu mun ci kwaɗo."
Na yi dariya. Gaskiya ta faɗa.

Shekarar farko, ganye kawai.
Haushi ya sa na ɗauki almakashi
na daddatse tsofaffin rassa, wai ta yi sabon jini.
Ashe furen gobe
a jikin reshen bara yake kwana.
Ni na yanke shi da hannuna.

Daga nan na bar ta.
Ɓawon jikinta ya riƙa saɓulewa, ja-ja,
na zaci ciwo ne, ashe girma ne.
Akuyar gidan Malam Ma'aruf ta cinye rabinta,
na kewaye ta da ƙayar magarya,
na yi kwana biyu ban amsa gaisuwarsu ba.

Damina ta uku, ranar wata Laraba,
na fito zubar da toka
sai ga shi:
curi ɗaya, fari, mai tsini kamar kan dawa,
ƙudan zuma biyu sun riga ni zuwa.
Na tsaya da kaskon a hannu har ya huce.

Sati uku ya yi fari,
ya juya ruwan hoda, ya koma kalar busasshen ganyen masara.
Ban cire ba.

Jiya Lantana ta aiko jikarta,
wai ko reshe ɗaya ne.
Ga ni nan ina huda gindin gwangwani da ƙusa.